Shuɗiyar Ƙofar Gidan Tsakiya

Alhaji Sha'aban ya je Abuja biki, ya ga gidajen haya an jera su kala ɗaya tun daga katanga har ƙofa, ya dawo Daura da abin a ransa. Shi ma yana da gidajen haya guda biyar a jere, a sabuwar unguwar da ke bayan kara, kasuwar shanu, amma kowane ɗan haya ya shafa wa ƙofarsa abin da ya ga dama. Wannan kore, wancan ja, na ƙarshe ma bai taɓa ganin fenti ba sai tsatsa. Alhaji ya tsaya a bakin layin ya ce abin ya yi kama da shanyar zannuwa, kuma shi ba zai lamunta ba. Katanga ruwan madara, ƙofofi ruwan ƙasa, kowa da kowa.

Bai sha wahalar neman mai fenti ba, don yana da shi a gidan tsakiya. Uwaisu ya daɗe a sana'ar. Shaguna da ɗakunan amare da gidajen haya da ya shafe a Daura ba su ƙirguwa, kuma mutum ne da ba ya ɗora fenti a kan datti, sai ya kankare ya goge da sanfefa, ko da mai aikin yana tsaye yana tsaki. Abin dariyar shi ne duk layin babu ƙofar da ta kai tasa muni. Wani shuɗi ne da ya rage masa a gindin galan shekarun baya, ya tsinka shi da fari don ya isa, rana kuma ta bi ta cinye shi har ya koma kamar tsohon zanen da aka yi wa bula. Kullum ya fito da babur sai ya kau da kai. Da Alhaji ya kawo zancen, har cikin ransa ya ji daɗi.

A gidan akwai matarsa Siddiƙa da 'ya'yansu, akwai kuma mahaifinsa, Malam Dabo. Tsohon dillalin shanu ne daga wani ƙauye a ƙasar Baure, wanda a zamaninsa yakan dubi sa sau ɗaya ya faɗi abin da zai yi a kasuwa. Bayan rasuwar matarsa tsufa ya taɓa masa kai, Uwaisu ya ɗauko shi ya dawo da shi wurinsa. Yakan sha koko ya ajiye kwano ya tambayi ko yau ba za a karya ba ne. Yakan kira jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ba a haifi Uwaisu ba. Amma masallaci bai taɓa kuskure masa ba. Da hantsi zai ɗauki sandarsa ya tafi gindin dalbejiyar masallacin unguwa, ya zauna cikin tsofaffi har a yi azahar, ya dawo da ƙafarsa. Wannan ne Uwaisu yake kafa hujja da shi duk lokacin da aka ce jikin Baba ya yi nisa. Mutumin da yake kai kansa masallaci ya dawo, ai da sauransa.

Katanga aka fara gamawa, tsoho ya ci gaba da tafiyarsa da dawowarsa lafiya lau. Ranar ƙofofi ta zo daidai da bikin sunan da Siddiƙa za ta je a Sandamu, ta kwashi yara tun da safe, ta bar tuwon Baba a rufe a kwano. Damina ce, mai fenti kuwa a damina da ido ɗaya yake aiki, ɗayan yana gabas. Uwaisu ya ga gari ya yi wasai, ya ce yau ko ana ha-maza-ha-mata sai ya gama. Yana ganin tsoho ya karya kwana ya nufi masallaci, ya hau ƙofofin da sanfefa. Tasa ya fi ba wa wuya, ya goge ta kamar mai huce haushi, sannan ya bi su duka da fentin mai, ruwan ƙasa mai sheƙi. Da ya ja baya ya duba, shi kansa sai da ya ƙirga kafin ya gane gidansa, ya yi dariya. Ya wanke buroshi ya hau babur ya tafi duba wani shagon ɗinki da ake so ya shafe kafin Sallah.

Bai dawo ba sai da azahar ta gota sosai. Ya tura ƙofa da gwiwar hannu don kada ya ɓata aikinsa, ya yi sallama, shiru. Tabarmar Baba tana naɗe a jingine. Kwanon tuwo yana nan yadda aka rufe shi.

Ya fito ya tsallaka wurin Maharazu mai shago, wanda ke fuskantar layin.

"Maharazu, ka ga dawowar Baba?"

"Na gan shi mana, bayan an sallame. Ya bi layin nan ya kai ƙarshe, ya juyo, ya sake komawa. Na ce masa, Baba ga gida nan, na nuna masa da hannu. Mata sun cika mini shago da awo, ban sake ɗagowa ba. Ba ya ciki?"

Uwaisu ya juya. Ya bi ƙofofin da kallo, sai ya hangi wani abu. A ƙofar farko, daidai kafaɗar mutum, ga shatin yatsu a cikin ɗanyen fenti, an dafa an janye.

Ya fara da masallaci. Tsofaffin suka ce ai tare aka yi salla, ya ɗauki sandarsa ya tafi kamar kullum. Ladan ya kunna lasifika ya yi cigiya: dattijo fari dogo, da farar riga da hula zanna, yana dogara sanda, hankalinsa ba cikakke ba ne. Uwaisu ya ji kalmar nan ta ƙarshe ta fita ta bi unguwa, ta shiga kowane gida, abin da ya shekara yana musantawa. Daga nan ya nufi kara, don ya san idan tsoho ya ji kukan shanu ƙafarsa takan ja shi. Ba ranar kasuwa ba ce, sai turaku da kashin shanu da wasu masu gadi suna shan shayi. Ba su gan shi ba. Ya je tasha, ya bi motocin Baure ɗaya bayan ɗaya yana leƙa tagogi, 'yan kamasho suna jan rigarsa suna tambayar ina za shi. Ya tsaya a asibiti ya tambaya ko an kawo wani tsoho. Kowa sai ya ce Allah ya bayyana, ya koma kan abin da yake yi.

Bai so kiran Siddiƙa ba, amma dole ta sa. Ta ɗauka cikin hayaniyar mata, ya ji ta fita waje.

"Baba bai dawo daga masallaci ba. Na duba ko'ina."

Sai ta ce, "Baban Hadiyya, ƙofar fa? Ka taɓa ta?"

"Wace irin tambaya ce wannan ana maganar mutum? Na shafe ta, ai yau ne ranar ƙofofi."

"Innalillahi. Ai ba gidan ya sani ba, shuɗin ya sani. Shi yake nema. Ran nan da motar yashi ta tsaya ta tare ƙofar, a rana ya tsaya har ta tashi, ina leƙensa ta zaure. Na gaya maka, na ce idan za ka shafe ka bar tamu tukuna."

"Yaushe kika gaya mini?"

"Kana cin abinci kana waya da Alhaji. Ka ce mini to."

Ya tuna. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, ya tuna sarai, har da miyar da yake ci. Ya ɗauka ƙorafin mata ne a kan warin fenti. Ya so ya yi mata faɗa ko don ya samu inda zai sauke abin da ke ƙirjinsa, amma babu ta inda zai kama. Ta ce ga ta nan tafe ko a bayan akori-kura ne, ta kashe.

Ya zauna a kan babur a bakin titi. Idan shuɗi Baba yake nema, to Daura cike take da shuɗin ƙofa, kuma kusan rabinsu shi ya shafa su da hannunsa. Ya fara bin su yadda suke zuwa masa a ka. Shagon magani na bakin titi, ashe an sake masa kala. Ɗakin injin markaɗe, matan da ke layi suka ce ba su lura ba. Wani gidan haya a hanyar tasha, a kulle da kwaɗo. Duk inda ya tsaya sai ya duba ƙofar kafin ya dubi mutane.

A gidan Abbas tela ya samu alama. Shi ne ainihin gidan da ya yi wa aiki da galan ɗin nan da ya rage masa. Ga shatin yatsu ruwan ƙasa a jikin shuɗin, wannan karon ba dafawa aka yi ba, turawa aka yi. Abbas yana tsaye a waje da wasu maƙwabta, ana ta mayar da zance, yana ganin Uwaisu ya tare shi da labari tun kafin su gaisa.

"Kai dai bari, Malam Uwaisu, yau mun ga abu. Wani tsoho ne ya faɗo mini gida babu sallama, har tsakar gida, iyali tana yi wa yara wanka. Ta kurma ihu. Ka san yadda gari yake yanzu, ba ka san wanda aka aiko ya leƙa maka gida ba. Muka fito da shi. Wai gidan ɗansa ne. Aka ce to wane ne ɗan naka, ya tsaya yana kallonmu."

"Kun taɓa shi?"

Abbas ya dube shi, ya ga fuskarsa, ya kau da kai.

"Na ce kun taɓa shi?"

"Wallahi ban san naka ba ne. Mari ɗaya ne, sai kuma da yara suka ture shi ya faɗi. Liman ne ya zo ya ce a ƙyale shi." Ya shiga zaure ya fito da sanda da hula. "Ga su, nan ya bar su."

Uwaisu ya karɓi sandar. Ya san idan ya ɗaga ta ba zai sauke ba sai an riƙe shi, kuma babu lokacin wannan. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ana tashi tsaye idan ya shigo kara, yau shi aka mara a kan ƙofar da ɗansa ya shafa. Ya tambayi ina ya bi. Wani ya ce gabas, wani ya ce a'a, ya ga kamar ya yi wajen titi. Gabas ɗin kuwa ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar leda tana wasa da ita.

Nan wani tunani ya zo masa wanda ya fi duk na baya tsoro. Baba ba ɓata ya yi irin na yaro ba, da zai zauna wuri ɗaya yana kuka har a zo. Tafiya yake yana duba ƙofofi, kuma duk shuɗiyar da ya tura wani gidan ne da matan wani a ciki. Ko da Allah ya juyo da ƙafarsa ya dawo layinsu, zai wuce ne kamar yadda ya wuce ɗazu, don ƙofar da yake nema babu ita a duniya, Uwaisu ya shafe ta da safe.

Ya ce wa Abbas, "Kana da babur. Ka bi duk gidan da ka san ƙofarsa shuɗiya ce, ka gaya musu kada wanda ya taɓa shi." Abbas ya shiga ya turo babur. Uwaisu ya kira Maharazu ya roƙe shi ya rufe shago ya bi hanyar Baure. Shi kuma ya juya gida.

Sabon shuɗi ba zai yi ba, wannan ya sani. Ko ya samu kalar, ba zai samu shekarun da rana ta yi tana cin ta ba. Sai dai a tono na ƙasa. Ya ɗauko tina mai narkar da fenti, da tsumma da ƙarfen kankara ya durƙusa a gaban ƙofarsa. Fentin ya fara kamawa, ya yi danƙo, yana naɗewa a bakin ƙarfe kamar ƙanzo. Idan ya sa tina kaɗan ba ya fita, idan ya sa da yawa sai ta cinye har da shuɗin, farin ƙarfe ya bayyana. Ga kuma aikin sanfefarsa na safe, wanda ya yi da zuciya ɗaya: duk ƙasan ƙofar babu sauran komai. Ya zagi hannunsa da bai iya aikin ha'inci ba. Sai can sama, inda ya gaji da miƙa hannu, ya fara ganin shuɗin yana leƙowa, dabbare-dabbare. Ya jawo bokiti ya kife ya hau, ya ajiye ƙarfen ya koma bi da farce.

A haka motar Alhaji Sha'aban ta shigo layin. Ya zo ganin Abujarsa ne kafin ruwa ya sauko. Ya sauke gilashi ya ga ƙofofi huɗu suna sheƙi, ta tsakiya kuwa kamar an yi mata ƙazuwa.

"Uwaisu, lafiyarka kuwa? Me nake gani haka?"

"Ranka ya daɗe, Baba ne ya ɓata. Da kalar ƙofar yake gane gida."

"Na ji cigiya, Allah ya bayyana shi. To amma sai ka bar neman mutum ka zo kana ɓata mini ƙofa? Wannan ai ba hankali ba ne. Sauko ka mayar da ita yadda take."

"Ba zan mayar ba, Alhaji."

"Gidanka ne ko nawa?"

"Naka ne."

"To idan ka ga dama ka ci gaba. Amma ka fara neman inda za ka kai iyalinka, don ni ba na ajiye ɗan hayar da zan faɗa ya faɗa."

Uwaisu bai juyo ba. Ya ji maganar, ya san kuma Alhaji ba ya mayar da irinta, amma a lokacin ko gidan aka ce za a rushe, roƙonsa ɗaya ne, a bar masa ƙofar a tsaye. Gilashi ya ɗaga, mota ta ja baya, ɗigon farko ya faɗo a kan kwano.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Siddiƙa ta iso a cikinsa, ta bar yara a Sandamu, mayafinta ya manne mata a jiki. Ba ta ce na gaya maka ba. Ta karɓi tsumma ta riƙa goge inda ya kankare. Wayarsa ta yi ƙara, Abbas ne, babu labari. Ta sake yi, Maharazu ne, ya kai har bayan gari bai ga kowa ba, kwalbati ta cika tana ambaliya. Uwaisu ya ji kalmar kwalbati ya kashe wayar. Tina ta shiga inda farcensa ya tsage, yana jin zafin yana ƙara dannawa. Yana kuka, bai kuma damu da ya ɓoye ba, ruwa yana wanke masa. Abin da suka samu bai fi faɗin faranti biyu ba, shuɗi mai ƙuraje a tsakiyar ruwan ƙasa.

Ana gab da kiran magariba ruwan ya tsagaita ya koma yayyafi. Siddiƙa ce ta fara hango shi, ta kama hannun rigar mijinta. Ga shi can a bakin layi, babu hula, takalmi ƙafa ɗaya, farar rigar ta zama ruwan taɓo. Yana tafe yana dafa katanga, yana tsayawa a kowace ƙofa.

Uwaisu ya diro daga kan bokiti ya ruga. Tsohon yana ganin mutum ya nufo shi a guje, sai ya ɗaga hannuwa biyu ya kare kansa, ya maƙure a jikin katanga.

"Yi haƙuri, ban shiga ba. Wallahi ban shiga ba."

Uwaisu ya tsaya cak. Leɓen Baba ya kumbura, gefen goshinsa ya ƙuje. Uwaisu ya ja da baya a hankali, ya ba shi hanya, ya sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa babba idan zai wuce. Tsohon ya sauke hannu, ya ci gaba. Ya wuce ƙofa ta farko, ya wuce ta biyu. A ta uku ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon ɗan shuɗin nan, sannan ya miƙa hannu ya shafa shi, ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke kaya.

Ya juyo ya dubi Uwaisu, ya dubi ƙarfe da tsumma da galan ɗin tina a ƙasa.

"Kai ne ka yi wa mutane wannan aika-aikar?"

"Ni ne, Baba."

"Ba ka iya aiki ba, yaro. Ɗana mai fenti ne, duk Daura an san shi. Ka bar musu ƙofa haka nan, idan ya dawo zai gyara."

Uwaisu ya kama gefen rigarsa ya goge fuskarsa da ƙarfi, ya goge fenti da ruwa da hawaye, ya matso inda haske yake.

"Baba, dube ni. Ni ne Uwaisu."

Malam Dabo ya dube shi da kyau, cikin natsuwa, irin kallon da yake yi wa baƙo a kara. Ya mance matarsa ta rasu, ya mance sunan garinsu, ya mance ya ci abinci, amma bai taɓa duban wannan fuskar ya rasa ta ba sai yau.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Matsa in wuce."

Siddiƙa ta tura masa ƙofar, ta riƙe shi ta gwiwar hannu suka shiga. Uwaisu yana tsaye a waje yana jin ta tana jan kujera, tana zuba ruwan zafi a buta, tana cewa sannu Baba, ɗaga ƙafar in cire maka. Ya rasa ko ya shiga ko kada ya shiga, don bai san abin da tsohon zai yi ba idan ya ga baƙo a tsakar gida. Iska ta kaɗo, Siddiƙa ta dawo zaure za ta tura ƙofa, suka haɗa ido.

Daga ciki muryar Malam Dabo ta fito, a gajiye.

"Ke yarinya, kada ki rufe. Uwaisu bai dawo ba, ga ruwa ana yi."